Ranar da Na Shiga Tashar Taurari Ba Sallama

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar ta Asabar, ranar da na tarwatsa jirgin sama jannati a zauren gidanmu na Tahoua, a gaban mahaifina da kawuna. Jirgin na cikin ordinatar ne, wato kwamfuta, kada wani ya tsorata. Kunyar ce dai ta gaske.

Lokacin na gama lisans, digirin farko ke nan, a fannin kasuwanci, na dawo gida ina jiran aiki. A zaman jiran na kama wani wasa: a ba ka ɗan ƙaramin jirgi, a sake ka cikin taurari, ka sayi kaya a wannan tasha ka kai waccan ka sayar. Babu mai ce maka ga inda za ka, kuma wasan ba ya ƙarewa. Ga mutum irina, wanda sai ya koma ya taɓa kwaɗo sau uku kafin ya yarda ya kulle ƙofa, wannan sakewa ta yi yawa. Sai na sayi littafi irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, na shiga tara shawarwari ga sabon shiga. Kada ka zuba jarinka duka a kaya iri ɗaya. Kada ka tashi da jirgin da ba za ka iya jure asararsa ba. Ka duba mai kafin ka duba riba. Ta farko kuwa da jan biro na rubuta: ka nemi izinin sauka kafin ka kusanci kowace tasha, don masu gadi ba su da wasa.

Shawarwarin masu kyau ne, a ganina dai, tunda daga bakin waɗanda suka iya na kwaso su. Abin da ban rubuta ba shi ne wata huɗu ina wasan nan tasha biyu kaɗai na sani. In kai ruwa, in dawo da ƙarfe. Kuma akwai wata na'ura a jirgin da ke nema mini izini ta sauke ni, ni nawa kallo.

Baba kuwa shekara talatin ya yi yana bin kasuwannin mako da gero da awaki, Takanamat, Tebaram, Kalfu, babu inda ba a san muryarsa ba. A shekarar ne ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, hannun dama ya ƙi, magana kuma ta yi nauyi. Da ya ga mutane na ƙarasa masa kalma kafin ya kai ƙarshenta, sai ya daina farawa. Ya wuni yana kallon bango. Likita ta ce mu nemo abin da zai ja hankalinsa, komi ƙanƙantarsa. Na yi kwana uku ina shawara da kaina (har dalilan yi da na bari na jera a takarda) kafin na ɗauko ordinatar na ajiye a gabansa.

Rashin sa'a, ko sa'a, ranar Kawu Idi ya zo gaisuwa. Ƙanin Inna ne, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba.

"To, mai lisans, ina kamiyon naka?"

Na nuna musu jirgin, na buɗe littafina, na fara bayani kamar mai koyarwa a aji. Baba bai ko juyo ba. Sai da na buɗe taswira, taurari suka cika allon, biyu kaɗai ke haske, na ji numfashinsa kusa da kafaɗata. Ya ɗaga hannun hagu ya dangwala inda ke da duhu.

"Nan hwa? Ba kasuwa?"

Kalma huɗu. Rabon da in ji ya haɗa huɗu tun kafin azumi.

"Akwai, Baba, sai dai ana cewa wataƙila da 'yan fashi a hanyar."

"Ana cewa," in ji Kawu. "Kai ka tahi?"

"Ina dai shiri."

"Wata nawa?"

Na yi kamar ban ji ba. Baba ya sa na nuna masa cikin jirgin, yana duba lodi kamar yadda yake duba bayan mota. Ya tsaya a kan na'urar nan da ta cinye wurin kaya. Na ce ita ke sauke jirgi.

Kawu ya gyara zama. "Ashe ba kai ka tuƙi ba. Kai karen mota ne."

A nan na yi ƙaryar da ta kashe ni. Na ce ni ke tuƙi, ita ɗan taimako kawai take yi, ko babu ita ba komi.

"Hid da ta," in ji Baba. "Sa kaya."

Ya zan yi? Mutumin da ya yi watanni bai nemi komi ba sai ruwan alwala, ga shi yana ba da umarni. Na fid da ta, na cika jirgi maƙil, muka nufi tauraron da ya zaɓa. Ko ɗan fashi ɗaya ba mu gani ba (wannan ma wani abin kunya ne, amma mu bar shi).

Sai ga tashar ta bayyana, ƙatuwa tana juyawa. Na ɗora littafin a gwiwa, na buɗe babin sauka: rage gudu, daidaita hanci, sauke ƙafafu. Duk na yi, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Sai wani jan rubutu ya fito yana ƙyaftawa. Ni kuwa maimakon in karanta shi, sai na duƙa ina neman shafin da na yi bayanin jan rubutu. Ina cikin nema na ji ƙara. Da na ɗago, babu jirgi, sai akwatunan kayana suna yawo a sarari ɗai-ɗai.

Kawu ya zare littafin daga gwiwata, ya buɗe shafin farko, ya karanta jan biron da ƙarfi, yana bin kowace kalma da yatsa.

Baba ya dube ni. "Ba ka yi... sallama ba?"

"Na manta, Baba."

"Gidan mutane. Da kaya. Ba sallama."

Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na zabura, na ɗauka ciwon ne ya taso. Ashe dariya ce, da rabin baki, har da hawaye. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya a bakin zaure ba ta shigo ba, tana ta goge ido da gefen mayafi.

Da ya lafa, ya ba mu labarin zuwansa Takanamat na farko, yadda ya sauke buhunan gero a wurin wani bai gaida kowa ba, ya je shan hura, ya dawo ya tarar an kwashe masa su zuwa wajen jakuna. Labarin minti biyu ne, ya ɗauke shi har kusan magariba. Babu wanda ya ƙarasa masa ko kalma ɗaya, har Kawu Idi.

"Gobe da hantsi," ya ce a ƙarshe. "Kaya kaɗan. Kai tuƙi, ni hanya."

Yanzu taswirarmu ta yi haske sosai, ko da yake ba zan ce na ƙware ba. In sabon shiga ya tambaye ni, abin da nake iya cewa shi ne ya fita da ɗan kaya tun bai gama shiri ba, don shirin ba ya ƙarewa, kuma ya yi sallama. Littafin yana nan, bai tashi a banza ba: a kansa muke ɗora ordinatar kada ta yi zafi a kan tabarma. Ni ma ban sake buƙatar shafin farko ba, don duk tashar da muka tunkara, tun daga nesa Baba ke zungurina da hannun hagu.

"Mai lisans. Sallama."