Igiyar da Na Ɗaure a Lyon

Mu tsofaffin sojan ruwa da muka yi yaƙin Laberiya a jirgi ɗaya, duk shekara mukan haɗu: wani lokaci a gidana a Paris, wani lokaci a Lyon wurin Alhaji Sabo, tsohon kukunmu na jirgi. Bara Alhaji ya ɗauko mana hayar ɗan kwalekwale mai inji, muka shiga kogi da tukunyar dambun da Hajiyarsa ta yi.

Da Azahar ta yi, muka tuɓe takalma, muka yi alwala a cikin kwalekwalen, muka sauka bakin gaɓa. Alhaji ya ɗauki igiya zai ɗaure, na fizge ta.

Na ce, "Kai da ka yi yaƙi da ludayi? Ni fa jirgin yaƙi na ɗaure a Monrovia, harsashi na wucewa ta kunnena."

Na ɗaure, sannan na shige gaba na ja salla, ban kuma yi gaggawa ba.

Ina sallamewa, sai ga kwalekwale can tsakiyar kogi yana tafiyarsa, da dambu da takalmanmu duka. Kowa ya juyo ya dube ni. Can Alhaji ya ce, "Malam, wannan ɗaurin ne na Monrovia?"

An dai kamo kwalekwalen washegari. Mu kuwa ba takalmi muka shiga jirgin ƙasa na metro, dattawa da manyan riguna, Turawa na kallon ƙafafunmu.

Bana da suka zo gidana, kowannensu ya shigo falo da takalminsa a hammata.