Shirun Manya a Jirgin Alƙahira

Duk wanda ya ce Abuja ba ta da manyan mutane, bai taɓa zaman jiran Alhaji Abdulmajeed a ƙofar ofis ba. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, mutum mai kwarjinin da ko gaisuwa ba ya amsawa da baki, sai da gira. Ma'aikatansa, saboda tsabar ƙauna, suna kiransa Dawo-Gobe. Shi ya gano babban sirrin garin nan, kuma kyauta yake koyar da shi: "Ƙaramin mutum ke amsa magana. In ka roƙi babba ya yi shiru, je ka yi barcinka, aiki ya yi."

Abu ɗaya ke hana wannan gwarzo sakat. Saura wata uku ya yi ritaya, kuma ya ga yadda ta kaya da na gabansa: ranar da aka karɓe mota, ranar waya ke daina ƙara. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Kujerar shugabancin wata hukuma yake nema ido rufe, ko da ta kula da kwalbatoci ce.

Ana haka, yana dawowa daga wani taro a Alƙahira, ma'aikatarsa ta yi masa cin mutunci: tikitin baya, tsakanin wata mai goyo da wani mai minshari. Manya kuwa a gaba suke, bayan labule. Alhaji ya toshe kunne, ya ɗaure ido da ƙyalle, don kada ya ga halin da yake ciki.

Shi ya sa bai san wainar da aka toya ba. Can ƙarshen jirgi wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi. Ma'aikatan jirgi suka yi cigiyar likita, babu. Suka yi ta danna masa ƙirji, wannan ya gaji wancan ya karɓa, har minti arba'in. Rai ya yi halinsa. To su ma'aikatan jirgi suna da ƙa'idarsu. Ba sa shelar mutuwa a sama, don likitan ƙasa ne mai wannan hurumin. Sai dai su kai mutum layin da babu kowa, su ɗaura masa bel, su ja masa bargo har wuya, su rufe masa ido. Ranar kuwa layin da babu kowa a gaba yake.

Alhaji ya yaye ƙyalle daidai lokacin da ma'aikata huɗu ke wucewa da dattijon a keken mara lafiya, a hankali, kowa kansa a ƙasa. Huɗu! Ko ministansu, mutum uku ke take masa baya. Zuciyar Alhaji ta ce masa sa'a ba ta sallama sau biyu. Da ya ga ma'aikatan sun koma baya suna rarrashin wata mata mai kuka, ya gyara hula, ya yi wuf ya shige labule, ya zauna kusa da babban mutum.

Ya yi sallama. Shiru. Alhaji ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

Cynthia, shugabar ma'aikatan, ta dawo ta gan shi, ta razana. "Oga, ba a zama nan. Wannan Baba ya..."

"Yarinya, na fi ki saninsa," in ji Alhaji, yana ɗaga mata hannu. "Aminina ne. Shekara talatin muna tare."

Cynthia ta ja da baya. Ta ɗauka amini ne ya zo zama da amininsa. Ta kawo masa shayi da hannu biyu, ta ja labule. Alhaji ya kurɓa, ya ce a ransa, ashe sun san mutane.

Sai ya buɗe bakin jaka. "Ranka ya daɗe, shekara talatin da huɗu ina riƙe da ƙasar nan. Fayil bai taɓa barin teburina cikin gaggawa ba. Kwamiti goma sha ɗaya na shugabanta, kuma har yau babu wanda ya rushe, don babu wanda ya gama aiki. Ni ba na roƙo, ba halina ba ne. Amma in akwai wata 'yar hukuma da ke neman uba..."

Babban mutum bai motsa ba. Ko gira bai ɗaga ba, abin da shi kansa Alhaji bai kai ga iyawa ba. Ganin haka ya rage murya, ya matso. "Ka taimake ni, ranka ya daɗe. In na bar kujerar nan, ko maigadin gidana a Gwarinpa ba zai miƙe mini ba."

Wannan ce gaskiya ta farko da ya faɗa a shekarar. Cynthia na bayan labule, ta ji komai, ta dafe kai. Sau biyu ta zo ta fahimtar da shi, sau biyu ya kore ta da cewa manya na magana.

Tayar jirgi na taɓa ƙasa ya kunna waya, ya tura wa duk abokan aikinsa: "Magana ta zauna. Ku fara shirin walima."

Aka sauke fasinjoji, aka ce amini ya dakata. Jami'an lafiya suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya, bayansu matar nan mai kuka. Rumasa'u ce, 'yar dattijon. Likita ya duba, ya kalli agogo, ya ja bargon ya rufe fuskar gaba ɗaya. Sai a lokacin Alhaji ya gane wa ya yi ta roƙo.

Wani jami'i ya buɗe takarda ya dube shi. "An ce kai amininsa ne. Sunan mamaci?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe. Ga shiru ya samu, amma ba irin na manya ba.

"Malam Kure," in ji Rumasa'u cikin sheshsheƙa. "Doya yake sayarwa a kasuwar Karshi. Asibiti muka kai shi a Alƙahira."

Jami'in ya rubuta, ya sake ɗago kai. "To kai, Alhaji, mece ce dangantakarka da shi?"

Cynthia ta yi murmushin nan nasu na aiki.

"Oga, rubuta kawai," ta ce. "Mai neman aiki."