Ranar da Na Karanta Sinanci

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta Sinanci a gaban surukata ba.

Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Maigidana malamin gona ne a Faskari, sai ga shi an kai shi ƙasar Sin wata shida. Ranar da ya dawo muka taru gidansu a Ƙanƙara. Ya ajiye akwati, ya fita gaida mutane a zaure.

Inna, mahaifiyarsa, ta buɗe akwatin, ta zaro wani gwangwani cike da busassun furanni masu gashi-gashi, ƙamshi na tashi. Ta miƙo mini a gaban matan gida.

"'Yar nan, ke da kika yi sakandare, karanta mana mi aka rubuta."

Na duba. Wallahi kamar kaji sun yi tono a jikin gwangwanin. Amma ni kaɗai ce 'yar boko a gidan, duk wasiƙa ni ake kawo wa. In ce ban iya ba? Na gyara murya, har da bin layi da yatsa (Allah Ka yafe mini).

"Turaren wuta ne, Inna. Mai tsada."

Nan da nan aka kawo kasko. Ni da hannuna na juye shi kaf, don kada a ce na yi rowa. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, ƙauri kamar an babbake akuya.

Sai ga maigidan ya shigo tare da Baba, surukina, yana ba shi labarin wata bishiya mai suna magnoliya da ke fitowa a duwatsu masu sanyi. Wai cin furenta ake yi, ana kuma dafa shi kamar shayi, shi ya sa ya sayo wa Baba saboda toshewar hancin da ta daɗe tana damunsa.

Maigidan ya dube mu ya ce, "Ina gwangwanin?"

Inna ta nuna kasko, sannan ta nuna ni. "Ai malamarmu ta karanta mana."

Na ja mayafi na rufe fuska. Baba ya yi atishawa uku a jere, ya yi hamdala, ya ce, "Ƙyale ta. Hancin dai ya buɗe."

Har Allah Ya karɓi ran Inna, Malamar Sinanci take kirana. Ni kuwa tun ranar na koyi cewa "ban sani ba", kuma har yau ban ga wanda faɗinta ya ƙona wa komai ba.