Ranar da Manhajata Ta Ba Hajiya Maki Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon sakamako a makarantarmu ta Angwan Iya ba, ko da kuwa na so.

Ni ne malamin kwamfuta a wurin, kuma ni na haɗa manhajar da ke fitar da sakamakon ɗalibai. Tun daga nan Hajiya Asabe, mai makarantar, ta fara kira na Injiniya (ban taɓa gyara mata ba, Allah ya yafe mini).

Akwai wata dabara da nake taƙama da ita. Manhaja ba ta riƙe sunaye da maki da kanta, a rumbun bayanai suke. Adireshin rumbun da kalmar sirrinsa kuwa ba a rubuta su a jikin manhajar. A cikin kwamfutar da za ta yi aiki ake ajiye su, idan ta tashi sai ta karanta ta nufi inda aka nuna mata. Kwamfutar ofis tana nuna rumbu na gaske, tawa kuma tana nuna na gwaji. Na yi wa Mista Bulus, malamin lissafi, wannan bayani har ya fara sauya hanya idan ya hango ni.

To, rumbun gwaji yana buƙatar ɗaliban ƙarya. Mai hankali zai rubuta Ɗalibi Ɗaya, Ɗalibi Biyu. Ni sai na zuba sunayen malamai, na ƙirƙiro musu darussa.

Ranar taro zaure ya cika da iyaye, har da waɗanda suka taso daga Gitata. Kwamfutar ofis ta ƙi haɗuwa da majigi. Na ce, “Hajiya, kada ki damu, ga tawa.” Na jona, na gyara hula, na latsa. Ko a raina ban tuna inda tawa take nunawa ba.

Bango ya haska. Na farko a jeri: Asabe. Faɗa, casa’in da tara. Haƙuri, bakwai. Ra’ayin malami: “Tana da ƙoƙari, amma ta rage surutu a taro.”

Iyaye suka ƙura wa bangon ido. Ni kuwa na ba bango baya ina murmushi, a zatona mamakin fasaha ne ya kama su.

Mista Bulus ya matso ya raɗa mini, “Oga, juya mana.” Kafin in juya nasa ya fito: zuwa da wuri, sifili. Sai wanda ya zo na ɗaya a aji, ɗari bisa ɗari a komai, har da darasin Kyau. Sunana ne, da manyan baƙi.

Na ga aikin ya tafi, na fara tunanin abin da zan gaya wa matata.

Hajiya ta sa tabarau ta karanta a tsanake, sannan ta karɓi makirufo.

“Injiniya, bakwai ka ba ni a haƙuri?”

“Hajiya, na gwaji ne…”

“To ga gwajin ya zo. Idan ban kore ka yau ba, nawa za ka ƙara mini?”

Dariya ta ɓarke, wata uwa har da share hawaye da mayafi. Na ce, “Ɗari, Hajiya, wallahi ɗari!” Ta ce a sa mata saba’in, ba ta son magudi.

Na sauya adireshin, na sake tayar da manhajar, sakamakon yara ya fito tsaf. Iyaye suka yi tafi, Hajiya ta sa aka ƙara mini cinyar kaza. Mista Bulus dai ya yi sati yana zuwa kafin mai gadi, yana tsayawa a ƙofata sai na gan shi.

Na koyi duba inda kwamfuta take nunawa kafin in latsa komai. Na kuma koyi cewa in gulma ta zama dole, a yi ta da baki, kada a shigar da ita rumbu.