Farfesan Ɓatattun Awaki

A Kebbe, in akuya ta ɓace ko an kore wa wani saniya, ni ake kira. Ina bin sawu har ƙasar Tambuwal, in dawo da dabba a igiya. Saboda haka ranar da rediyon mai shayi ya ce jami'ar kimiyya tana neman injiniyoyi da masu bincike, sai da na ajiye kofina.

"Wanga aiki naka ne," in ji Arɗo Buba, wanda na taɓa gano wa bijimi. "Wa ya fi ka bincike duk ƙasar ga?"

Ban yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Kafin la'asar unguwa duka ta ji, matata har tana tambaya ko gidajen ma'aikata suna da famfo. Washegari na zuba rigar Sallah na hau mota.

A ofishin jami'ar, wata Dakta mai tabarau ta karɓe ni da mutunci.

"Malam, a wane fanni kake bincike?"

"Awaki da shanu, ranki shi daɗe. Babur ma, in bai yi nisa ba."

Ta gyara zaman tabarau. "Abin da ka gano, ka taɓa bugawa?"

"Dabba ba ni bugunta. Ɓarawon dai kan sha sanda."

Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta bayyana mini cewa nasu binciken a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, kuma da digiri ake shiga.

Zuwan shi ne kuskurena na farko; na biyu, na ba Arɗo labari, shi kuma ya baza shi unguwa. Har yau ko kaza ce ta ɓace, matata takan leƙo ta ce, "Farfesa, jami'a na kira."