Rasuwar Hajiya Kai-Tsaye, Jitar da Ta Zo Daga Masana'anta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma yatsu huɗu da har yau ba su gama warkewa ba, ni Hashimu Dodo, tsohon direban motar ma'aikata a Akokan, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Arlit da kewaye rasuwar jitata ta bas, mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, Hajiya Kai-Tsaye. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, a gaban mutum ya fi ɗari biyu, ana tsakiyar waƙa ta uku a bikin ɗiyar wani mai garka. Ta rasu tana da wata huɗu da kwana shida a hannuna, wato ko kwanakin takaba ba ta cika ba.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. An haife ta a wata masana'anta da ke bakin teku, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, kuma a cikin salula na fara ganin hotonta, ja wur, tana ƙyalli. Tallar ta ce daga masana'anta kai tsaye zuwa hannunka, ba dillali, ba ɗan tsakiya, inganci irin na manyan makaɗan duniya a kan farashin da talaka zai iya. Nan ta samo sunanta. Hajiya kuwa na ƙara mata ne don ta yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba: ta ratsa teku, ta kwana Yamai, ta hau kamiyon ɗaukar kaya zuwa Agadas, ta sha jijjigar hanyar Arlit, ta iso mana cikin sanyin Janairu ba ko ƙwarzane.

Wanda bai san halin da nake ciki ba zai ce kukan ya yi yawa a kan katako. Tun da aka rufe ramin haƙar uranium na Akokan aikina ya tsaya. Yayana ya yi ta aike in koma Madawa mu yi noman albasa, ni kuwa shekara goma sha tara na yi a garin nan, a nan aka haifi ɗiyata Madina, a nan na san kowa kowa ya san ni. Muka yi magana da maiɗakina Radiyya: in kiɗa ya riƙe mu kafin damina, mu zauna, in bai riƙe ba, mu ɗaure kaya. Alkassoum, shugaban 'yan jitar da ke kiɗan bukukuwa a unguwarmu, ya ce gurbin mai bas nawa ne muddin na zo da tawa, domin ya gaji da zuwa aro. Ashe zamana a Arlit gaba ɗaya na rataya a wuyan Hajiya, kuma wuyan nata, kamar yadda za ku ji, ba na ɗaukar nauyi ba ne.

Adalci ya sa in faɗi cewa an gargaɗe ni. Akoli maƙeri, wanda duk jitar da ta yi ciwo a Arlit wurinsa ake kai ta, ya nuna mini wata tsohuwar jita mummuna da ta shekara ashirin tana yawo tsakanin Agadas da Dannet. Ya ce itacen da ya gama bushewa a hamada ba shi da sauran abin ba ka mamaki. Da na kawo masa Hajiya ya gani, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya shinshina, ya ce, "Wannan jita, shi bai sha rana ba tukuna." Na fita ina gaya wa jama'a hassada ce ta ɗan tsakiya da aka tsallake. A majalisar shayi uku na faɗi haka, kuma duk ukun suna nan da ransu suna tunawa.

Halayen marigayiyar na kirki ba sa ƙirguwa. Mai kyauta ce, duk wanda ya taɓa tsirkiyarta ba takalmi sai ta ba shi rabonsa na kuran, wato jan lantarki, ba ta bambanta babba da ƙarami. Ba ta da riƙo, domin ko saitin murya da na yi mata ba ta riƙe shi ya wuce waƙa ɗaya. Ta koya mini haƙurin da shekara goma sha tara na jiran ma'aikata a bakin mota ba su koya mini ba. Amma in an zo ga gaskiya, a watanninta biyu na farko in ta ce dum, dum-dum, dum, har a ƙirji ake jin ta, tsofaffin mata na gyara zama, ni kuma ina jin na sake zama mutum mai wurin zuwa da safe. Na so ta, ba na jin kunyar faɗi.

Ciwon ajali ya fara ne da shigowar zafin Afrilu. Itacen wuyanta ya tsuke, ƙananan ƙarafan da ke jere a kansa suka ɓullo ta gefe suna yankar mini yatsu. Sai wuyan ya fara lanƙwasa, tsirkiyoyin suka yi nesa da shi har sai na danna da ƙarfin mai taka burki. Dum ɗinta ya koma dzzz. Na aika wa masana'anta saƙo, suka amsa cikin ladabi cewa suna alfahari da ni. Na sake aikawa, suka sake alfahari da ni. A nan na fara fahimtar amfanin dillali: shi dai mutum ne da ka san ƙofar gidansa, kuma yana da wuyan riga.

Ana saura kwana biyu bikin, na taɓa jikinta da azahar na ji ta kamar murfin tukunya. Zuwa wurin Akoli kuwa, bayan abin da na faɗa a majalisu uku, ya fi mini ɗaci. Sai na yi mata abin da kowane ɗan Arlit yake yi wa abin da yake so ya huce. Na samo buhun algarara na jiƙa shi sharkaf, na naɗe ta ciki kamar yadda muke naɗe bidon ruwan sha, na rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Duk bayan salla ina yayyafa mata ruwa. Radiyya ta tsaya ta kalle ni ta ce, "Baban Madina, wagga aba hwa ba bidon ruwa ta ba." Na amsa mata da cewa sha'anin kayan kiɗa sai masu shi. Kwana biyu cur ina wannan jinya, kuma ina shaida wa jama'a cewa maganin ya ci, domin da na kwance ta ranar Asabar jikinta sanyi ƙalau.

Ta yi waƙa ta farko da dauriya. A ta biyu na lura ta yi ƙiba, jan fentin ya fara tsagewa ta wajen ƙugu. A ta uku, daidai inda Alkassoum ke ɗaga kai ya ba ni fili, mata na guɗa, maza sun shigo rawa da rawunansu, sai ta ce dum, ta ce grrr, ta ce ƙyas. Allon da ke manne a wuyanta ya ɓantare ya tsaya mini a tafin hannu. Gindin tsirkiyoyin ya tumɓuke da kusoshinsa. Kalmarta ta ƙarshe, wadda ampli, akwatin ƙara sauti, ya isar har bayan layi, ita ce fuuu. Mai ganga ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya ga babu amfani.

Akoli ne ya duba gawar, kuma Allah ya saka masa, bai yi dariya ba sai da na juya baya. Binciken ya nuna cewa a ƙarƙashin jan fentin nan babu itace ko kaɗan, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi a cikin shayi. Ya ce rana ta kashe rabi, ni na ƙarasa rabin. Marigayiyar tana da garanti na shekara guda, da sharaɗin a mayar da ita inda aka haife ta a cikin kwalinta na asali. Kwalin kuwa akuyar maƙwabta ta cinye shi, ya riga mu gidan gaskiya tun makon farko.

Ta rasu ta bar miji ɗaya, ampli, wanda tun ranar yake gurnani shi kaɗai in an kunna shi. Ta bar waya mai tsawon taku uku da ba ta taɓa aiki ba sai an murɗa ta, da jaka mai zif da ya mutu tun kafin uwar ɗakinsa, da wani ɗan makulli lanƙwasasshe da ban san ramin da yake shiga ba, da takardar bayani cikin harsuna shida, babu ɗaya da ya ce kada a naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu. Ta kuma bar dubban 'yan'uwa a masana'anta, jajaye masu ƙyalli, suna jiran wani mai salula da ƙin jinin dillalai.

Muna godiya ga Alkassoum da ya tako har gida ya yi ta'aziyya. Ya sha shayi kofi uku kamar yadda aka saba, ya yi addu'a, sannan ya sanar da ni cikin tausasawa cewa bukukuwa ba sa jiran mai makoki, wani makaɗi mai suna Mano zai riƙe bas daga Asabar mai zuwa. Ban ga laifinsa ba. Na so in ga laifin wani, na duba ko'ina, har masana'antar ta yi mini nisa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata wanka ba, ta riga ta samu fiye da kima. Tsirkiyoyin an ba Akoli sadaka, jikin kuma Radiyya ta nemi a bar mata shi ya bushe ya shiga murhu, domin akwai tuwon guzuri da za a tuƙa ranar Laraba. Ana karɓar gaisuwa a gidana da ke bayan tashar kabu-kabu, daga hantsi zuwa la'asar, har zuwa ranar Larabar. Masu niyyar zuwa sadakar bakwai su yi haƙuri, kada su wahalar da kansu. Motar Madawa tana tashi Alhamis da safe, kuma wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan ranar Juma'a, wani ne zai buɗe masa.