Yadda Aka Kwantar da Dakta a Ɗakin Mata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sallamo Hajiya daga asibiti a Birnin Kudu ba, kuma ko na so in manta, Dije ba za ta bar ni ba. Hajiya matata ce. Dije ƙanwarta ce, tana aure a Maruta ta ƙasar Gwaram, kuma tun ranar da na auri yayarta take neman abin da za ta riƙe ni da shi. Shekara arba'in da 'yan kai ba ta samu ba, sai ran nan. Shi ya sa na ga gara in rubuta labarin da hannuna, domin yadda take ba da shi a gidajen suna akwai ƙari a ciki, kuma ƙarin ba kaɗan ba ne.

Da farko ku san ko ni wane ne. A ƙauyenmu, nan wajen Kangire, Dakta ake ce mini. Ba ni na sa wa kaina ba (ban kuma hana ba, wannan na yarda). Na yi elemantare har aji huɗu, kuma aji huɗu na lokacinmu ba irin na yanzu ba ne. Bayan na girma na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani ɗakin shan magani. To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: aikina shi ne in kunna risho, in dafa allurai, in miƙa wa malamin asibiti, sannan in danne ƙafafun wanda za a yi wa. Allura kam na gan ta har na gaji. Amma in soka wa ɗan Adam da hannuna, ban taɓa ba, ko sau ɗaya. Babu dai wanda ya taɓa tambayata, kuma ni ba na amsa tambayar da ba a yi ba.

Hajiya ta fara da yawan ƙishirwa da rama, har zanenta ya daina zama a ƙugu. Da aka auna aka ce sukari ne, kuma ya hau sosai, aka ba ta gado. Kwana goma sha biyu ta yi, Dije ce ke jinyarta tunda yaranmu duk suna Kano. Ni kuma kullum lokacin dubiya ina can, da babbar riga da biro biyu a aljihu. Da matan ɗakin suka ji Dije tana ce mini Dakta, sai suka fara miƙo mini katinsu. Nakan karɓa, in ɗaure fuska, in juya shi gaba da baya, in ce, "A ci gaba da shan maganin." Ku gaya mini, akwai wanda wannan shawara ta taɓa cutarwa?

Ran na sha biyu, wajen azahar, babbar nas ɗin ɗakin ta zo. Sista ake ce mata, yarinya ce da ba ta kai 'yata ta uku ba. Ta ce likita ya ce ƙwaya ba ta riƙe sukarin Hajiya, sai allurar insulin, safe da yamma, a gida.

"Amma ba zan sallame ta ba sai na ga wanda zai riƙa yi mata ya yi a gabana," in ji ta. "In babu, ta zauna har a samu."

Hajiya ta ce in ta ƙara kwana ɗaya a kan katifar ledar nan za ta haukace, ga gyaɗarta ta isa cira. Ni kuwa ina ta gyara hula, ina lissafin wane ɗa zan kira daga Kano. Sai Dije ta buɗe baki, da muryarta da ake ji har bakin titi.

"Haba Sista, mu da muke da Dakta a gida? Angonmu ai a cikin allura ya tsufa. Ko ba haka ba, Dakta?"

Duk ɗakin ya juyo. Mata wajen ashirin, da masu jinyarsu, waɗanda na duba wa kati jiya da shekaranjiya. Ku da kuke karantawa, da me za ku ce?

Na ce, "Ƙaramin abu ne."

Sista ta ja labule ta zagaye gadon, ta kawo faranti. Da na ga abin da ke ciki, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yau bai gama hucewa ba. Sirinji siriri kamar tsinken tsintsiya, allurar bakinsa ba ta kai farcen ƙaramin yatsana ba.

Na ce, "'Yar nan, ta jarirai kika ɗauko. Koma ki kawo ta manya."

"Ita ce, Baba. Wannan ba a tsoka ake yin ta ba, a ƙarƙashin fata ne, cikin ɗan kitsen da ke wurin. Daga nan maganin yake tafiya a hankali."

A hankali! Matata na kwance kwana goma sha biyu, ana maganar a hankali. Na yi mata bayani, cikin natsuwa, cewa a zamaninmu allura tana da tsawon yatsa, a mazaunai ake yin ta, a ɗan mari wurin a soka, sannan a murza da auduga har mutum ya ambaci iyayensa. Wanda aka yi wa yakan yi kwana uku yana ɗingishi, ta haka yake sanin magani ya shiga. Na ce allurar da ba ta sa ɗingishi ba, wasa ce.

"Ba a murzawa, Baba," ta ce. "Ba a kuma dafa ta a sake. Sau ɗaya ne, a jefa a kwalin nan."

Ba a dafawa. Abu ɗaya da na ƙware a kansa a duniya, yarinya ta soke shi da kalma biyu, ko kallona ba ta yi ba.

Ta sa na wanke hannu (ni, da na yi alwala ba da daɗewa ba). Ta nuna mini yadda ake mirgina kwalbar maganin a tafin hannu, ba a girgizawa, yadda ake zuƙo maganin zuwa daidai lambar da likita ya rubuta, yadda ake ɗan ƙwanƙwasa sirinjin iska ta fita. Ta ce a riƙa canja wuri kullum, yau dama gobe hagu, kada fata ta yi ƙulli. Ta ce in babu firji a ajiye kwalbar a gindin randa inda akwai sanyi. Ni dai ina ta cewa "na sani, na sani." Har nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, wannan Dije ba ta faɗarsa.

Sai ta ce, "Hajiya, ɗan ɗaga rigarki. Baba, ka bar faɗin yatsa biyu ko uku daga cibiya, ka tattaro fatar da yatsunka na hagu, ka soka a tsaye, ka danna, ka ƙirga goma kafin ka zare."

Na ce, "A ina?"

"A ciki."

"Cikin wa?"

"Cikin Hajiya mana, Baba."

Yanzu ina so masu hankali su yi mini adalci. Shekara arba'in da aure, ko hannun matar nan ban taɓa riƙewa a gaban mutane ba. In za mu unguwa ina gaba tana baya. Ko sunanta ba na faɗa. Yau kuma yarinyar da aka haifa jiya tana ce mini in kama fatar cikinta da rana tsaka, ga Dije a gefe ta kafe ni da ido, ta rufe baki da gefen mayafi kafaɗunta suna rawa. Labulen ma bai kai ƙasa ba, ina ganin ƙafafun matan ɗakin sun jeru a bayansa. Wa ya tsara wannan aikin? An tambayi dattawa?

Na ce ko Dije za ta ɗan fita. Ta ce, "A'a, ni ma koyo nake, wajen Dakta."

Hajiya ta ce, "Malam, ka yi mu tafi gida."

To na yi abin da duk mutumin kirki zai yi. Na miƙa hannun hagu na tattaro fatar, na kau da kai na ɗaga ido sama ina kallon fanka. Kunya ce ta sa (akwai ɗan tsoro a ciki, amma kunyar ta fi yawa). Na ji Sista tana cewa, "Baba, ka duba inda..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce bismillahi, na kai hannu daga nesa da ƙarfi, yadda na ga malamin asibitinmu yana yi.

Allurar ta shiga, ta kuma shiga a tsaye yadda aka ce. Sai dai a babban yatsana na hagu ta shiga.

"Wayyo Inna!"

Innata ta rasu shekara talatin da suka wuce. Dije tana cewa wai na yi tsalle na faɗa kan labule na yi ƙasa da shi gaba ɗaya, har da cewa na yi hawaye. Ƙarya ne. Gefe ɗaya ne kawai ya tsinke, kuma idona ruwa yake yi tun bara. Amma gefen da ya tsinke shi ne wanda ke fuskantar ɗakin. Mata ashirin suka ga Dakta a tsaye, hula a karkace, sirinjin jarirai yana lilo a yatsansa.

Sista ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta zare shi ta ɗaga ta duba lamba.

"Baba, ka danna?"

"Ban danna ba."

"Maganin ya ragu, ya shige ka. Ka ci abincin rana?"

Ban ci ba. Ta ce maganin nan sukari yake saukarwa, ni kuma nawa lafiya lau yake, in ya sauka zan iya yanke jiki in faɗi a hanya, don haka ba inda za ni sai ta ga yadda jikina zai yi. Ta kama hannuna ta huda wani yatsan kuma don ta auna jini (na biyu ke nan a rana ɗaya). Sannan ta nuna mini gadon da babu kowa a kai, tsakanin Hajiya da wata tsohuwa 'yar Yalwan Damai mai ciwon ƙafa. Na ce a ba ni kujera a waje. Ta ce a waje ba za ta gan ni ba.

Na hau gadon mata, da babbar rigata. Tsohuwar ta juyo a hankali ta ce, "Sannu Dakta. Ya jiki? A ci gaba da shan maganin."

Ban tanka mata ba, saboda ta girme ni.

Sista ta sa Dije ta haɗa mini shayi da sukari cokali biyar, da burodi. Ina kurɓa, Hajiya da ta yi kwana goma sha biyu ko ƙwayar sukari ba ta lasa ba tana kallon kofin. Dije kuwa tana yi mini fifita, tana tambaya ko a aika ƙauye a fara zuwa dubiya.

Can Sista ta ce, "To Hajiya, yau dai babu sallama. Sai a kira wani cikin yaranku."

Hajiya ta gyara zama ta ce, "Kawo wata allurar in gani, 'yar nan."

Na ce, daga kan gadona, "Ke ba ki yi boko ba, wannan aikin..."

"Malam, sha shayinka."

Ta wanke hannu. Ta mirgina kwalba. Lambobi ta san su a wayarta, ta zuƙo ta nuna wa Sista, Sista ta gyaɗa kai. Ta tattaro fatar cikinta, ta duƙar da kai ta dubi wurin sosai, ta soka kamar mai ɗinkin hula. Ta ƙirga goma a fili, matan ɗakin suna taya ta daga bakwai. Ta zare, ba ta murza ba, ta ce, "Ina kwalin?" Ta ce ai kwana goma sha biyu tana kallon yadda ake yi mata, me zai hana ta iya.

An sallame ta kafin la'asar. Ni ne aka riƙe. Sai da matar da na zo ɗauka ta zauna da kayanta a ɗaure tana jira a sake auna ni, sannan Sista ta ce mijin ma zai iya tafiya.

A motar komawa gida ina ta faɗa a kan masu ƙera allura, cewa da ta kai tsawon ta zamaninmu ai da hannuna ya gane ta. Hajiya ta bari sai da Dije ta sauka neman motar Gwaram, sannan ta matso ta ce a hankali, "Malam, yara bakwai na haifa maka. Duk wanda ya yi zazzaɓi, kai ne na farkon cewa a kai shi asibiti. Ka zaci ban gane ba?"

Na ce, "To da kika sani, don me kika miƙa mini cikinki?"

Ta ce, "Ina son komawa gida. Kuma gaskiya, ni ma na daɗe ina so in gani."

Ga abin da na koya, kyauta nake ba ku. In mutane suka ɗora maka sunan da ba naka ba, ka sauke shi tun kana da ƙuruciya, ko kuwa ka nemi matar da ba ta da ƙanwa. In kuma ka makara kamar ni, har aka miƙo maka allura a gaban jama'a, to ka bar fanka ta yi aikinta, kai ka dubi inda za ka soka.